Me ya sa gwamnatin Ontariyo ke sayar da giya da hannunta?

Wani ƙanenmu da ya tafi karatu Kanada ya aiko da wannan tambaya: "Salamu alaikum, Yaya. Wata uku ke nan da saukata Toronto. Kusan kowace unguwa na shiga sai na ga kanti mai allon LCBO. An ce mini giya ake sayarwa a ciki, kuma kantin na gwamnatin lardi ne. A gida Kano Hisba ce ke fasa kwalabe, a nan kuwa gwamnati ce ke jera su a kanta. Ta yaya hukumar da ke gina asibiti za ta riƙa sayar da abin da ke kai mutane asibitin? Kariya ce ko neman kuɗi?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da abin da aka je nema, ya dawo mana da kai lafiya. Na daɗe ina bin wannan batu ta ɓangaren lafiyar al'umma da kuɗin shigar gwamnati, kuma na san duk wanda ya taso inda muka taso sai abin ya ɗaure masa kai a ganin farko. Kantin nan an kafa shi ne don a takura wa mashaya. Daga baya baitulmali ya ɗanɗana ribarsa ya ji daɗi. Yau niyyoyin biyu suna zaune gida ɗaya kamar kishiyoyi, kuma a 'yan shekarun nan kuɗi ne mowa, lafiya ta koma bora. Amma ba za ka gane yadda aka zo nan ba sai mun koma baya.

Ontariyo, lardin da Toronto take ciki, ta taɓa haramta sayar da giya da doka, abin da baƙi da yawa ba su sani ba. Tun ƙarni na 19 coci-cocin Furotesta da ƙungiyoyin mata suke yaƙi da mashayu, saboda sun ga yadda magidanci zai karɓi albashi ranar Asabar ya ƙarar da shi kafin ya iso gida. A 1878 gwamnatin tarayya ta yi dokar da ta ba kowace gunduma damar kaɗa ƙuri'a ta hana giya a yankinta. A 1898 aka yi ƙuri'ar raba gardama ta ƙasa baki ɗaya, masu son hani suka yi rinjaye da ƙyar, kashi 51 cikin 100, amma lardin Kwibek ya ƙi da wajen kashi 80, sai Firaminista Wilfrid Laurier ya jingine maganar. Yaƙin Duniya na Farko ne ya ba masu hanin dama. A 1916 gwamnatin Firimiya William Hearst, wato shugaban gwamnatin lardi, ta rufe mashayu da kantunan giya a faɗin Ontariyo.

Dokar ta shekara 11 tana aiki, kuma ba za a ce ba ta yi komai ba, don kamen masu maye a titi ya ragu sosai a farkonta. Sai dai an gina katanga ne an bar ƙofar baya a buɗe. Tsarin mulkin Kanada na 1867 ya raba iko biyu: lardi ke da ta cewa kan cinikin da ake yi a cikinsa, tarayya kuma ke da iko kan sarrafawa da shigo da kaya da fitar da su. Saboda haka masana'antun giya na Ontariyo suka ci gaba da aiki da sunan kayan fitarwa waje. Giyar inabin da ake yi a lardin ba ta shiga hanin ba. Likita kuma yana iya rubuta wa mutum wiski a matsayin magani, har aka riƙa ganin layi a kemis idan Kirsimeti ta ƙarato. Da Amurka ta kafa nata hanin a 1920, kogin da ya raba garin Windsor na Ontariyo da Detroit na Amurka ya zama babbar hanyar fasa-ƙwauri, kuma wani kayan da aka rubuta ya fita ƙasar waje da dare yake dawowa gida a sayar a ɓoye. Masu sha ba su daina ba, 'yan fasa-ƙwauri suka yi kuɗi, gwamnati ba ta samu kwabo ba, doka kuma ta zama abin wasa.

A daidai lokacin, lardunan Kwibek da Biritish Kolombiya sun ɗauki wata hanya tun 1921: gwamnati ta buɗe nata kantuna, ta hana kowa sayar da barasa mai ƙarfi sai ita. Mutanen Ontariyo suna ganin kuɗinsu na tsallakawa Montreal ta Kwibek. A ƙuri'ar 1924 hanin ya sha da ƙyar. Firimiya Howard Ferguson ya shiga zaɓen 1926 da alkawarin kawo cinikin gwamnati, ya ci, kuma ranar 1 ga Yuni 1927 kantunan farko na Hukumar Kula da Giya ta Ontariyo, wato LCBO, suka buɗe. Lardunan da suka rage da hani duk suka bi sahu, na ƙarshe shi ne ɗan tsibirin Firins Edward a 1948. A 1928 tarayya ta ƙara wa lardunan ƙarfi da wata doka da ta ce duk giyar da za ta shiga lardi sai ta hannun hukumar lardin. Wannan iko ya daɗe da ransa: a 2012 'yan sanda sun tare wani mutumin New Brunswick, Gérard Comeau, da katan 14 na giya da kwalabe 3 da ya sayo a Kwibek inda ta fi arha, aka ci shi tarar da ba ta kai dala 300 ba. Ya kai maganar har Kotun Ƙoli, kuma a 2018 kotun ta tabbatar wa lardin ikonsa.

Dabarar da ke ƙarƙashin tsarin ba Kanada ce ta ƙirƙiro ta ba. Ta samo asali ne daga birnin Gothenburg na Suwidin a 1865, kuma hujjarta mai sauƙi ce. Ɗan kasuwa mai kantin giya, ribarsa tana ƙaruwa ne idan mutane suka ƙara sha. Babban kwastomansa shi ne wanda giya ta riga ta kama. Ba zai kore shi ba, zai ma ba shi bashi. Idan ka cire mai riba daga bayan kanta, ka sa ma'aikacin da albashinsa ɗaya ne ko an saya ko ba a saya ba, to ka cire mai zuga mutane. Wannan shi ne ginshiƙin, kuma a ganina har gobe hujja ce mai ƙarfi.

Da za ka ga kantin LCBO na 1927 ba za ka ce kanti ba ne, ya fi kama da ofishin biyan haraji. Babu kwalba ko ɗaya a fili. Kafin ka saya sai ka yanki takardar izini, wani ɗan littafi mai girman fasfo, ɗauke da sunanka da adireshinka da sana'arka da ko kana da aure. Ka duba jerin kaya a jikin bango, ka cika takarda, ka sa hannu, ka miƙa wa akawu. Shi kuma ya buɗe littafinka ya ga abin da ka saya a baya, ya rubuta kwanan wata da yawan abin da ka karɓa da kuɗinsa, sannan wani ya shiga ciki ya ɗauko ya naɗe a takarda. Idan akawu ya ga sayayyar ta fi ƙarfin albashin mai irin sana'arka, yana iya hana ka. Akwai kuma jerin sunayen waɗanda aka haramta wa saye gaba ɗaya, wanda ake rarraba wa kantuna da 'yan sanda, kuma matar mutum ko wani danginsa na iya rubuta wa hukumar ƙorafi a bincike shi. An yi amfani da littafin har 1957, aka maye shi da kati, aka soke katin a 1962, cika takardar saye kuwa ta kai shekarun 1970.

Ba na so in yi wa wannan zamani kwalliya. Tsarin ya fi danne talaka da ma'aikacin ƙarfi fiye da mai kuɗi, don shi ne akawu ke yi wa lissafin aljihu. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, an hana su saye baki ɗaya saboda jinsinsu kawai har zuwa shekarun 1950, ma'aikacin kanti yana duban fuskar mutum ya yanke hukunci. Wannan zalunci ne, kuma da kyau aka kawar da shi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, mutanen da suka kafa hukumar sun ɗauki giya a matsayin kaya mai haɗari wanda dole a wahalar da samunsa.

Daga 1969 aka fara buɗe kantin da mutum zai shiga ya ɗauka da kansa. Daga nan abin ya yi ta sauyawa sannu a hankali: buɗewa ranar Lahadi a 1997, kantuna masu haske da ado, sashen giyar inabi mai tsada, mujallar girke-girke mai sheƙi da ake bayarwa kyauta wadda ke koya wa mutum wace kwalba ta dace da wane abinci, makin garaɓasa ga mai yawan saye, sai kuma oda ta intanet a kawo har gida. Hukumar da aka kafa don ta hana mutum ƙara kwalba ta biyu, ita ce yau ke tallata masa ita. Kuma ka lura da wanda take yi wa bayani: Ministan Kuɗi ne ubangidanta, Ministan Lafiya ba shi da hannu a tafiyar da ita.

Yadda take aiki yau kuwa, tana da kantuna wajen 680, ga wasu ɗaruruwan shagunan ƙauye da ta ba izinin sayarwa a madadinta. Ita ce babbar dila kuma ita ce mai kiri. Tana saro kaya daga ƙasashe da dama, tana cikin manyan masu sarin giya a duniya, ta ɗora ribarta, ta sa farashi ɗaya a ko'ina, ta yadda kwalbar da aka sayar a tsakiyar Toronto haka kuɗinta yake a can arewa mai nisa. Akwai farashin da doka ta hana a sauko ƙasa da shi. Shekarun saye 19 ne, kuma duk wanda fuskarsa ta nuna bai kai 25 ba sai ya nuna katin shaida. Ana hana wanda ya zo a buge, ana hana wanda ake zargin yaro zai saya wa. Barasa mai ƙarfi, irin su wiski da bodka da jin, har yanzu ba a sayar da ita a manyan kantunan abinci ko shagunan unguwa. Ba da lasisin mashayu da gidajen abinci kuma aikin wata hukuma ce dabam, AGCO, wadda aka kafa a 1998.

Akwai wani kantin da za ka riƙa gani, The Beer Store, wanda mutane da yawa, har da haifaffun lardin, suke zaton na gwamnati ne. Na kamfanonin giya ne tun 1927, kuma manyan masu shi uku, Labatt da Molson da Sleeman, duk yanzu suna da iyayen gida a wajen Kanada ko haɗin gwiwa da su. Can ake mayar da kwalaben da aka sha a karɓi senti 10 ko 20, kamar yadda muke barin kuɗin kwalba a wurin mai lemo a da. Shi ya sa za ka ga wasu na bin kwandunan shara da asuba suna tsintar gwangwani.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce zuciyar tambayarka. A 2023 cinikin LCBO na shekara ya haura dala biliyan 7 na Kanada, kuma ribar da ta zuba wa baitulmalin lardi ta kai wajen dala biliyan 2.5, ban da harajin saye. Kuɗi ne masu yawa, kuma duk lokacin da aka taso da maganar sayar da hukumar, su ake nunawa a ce da su ake gina makarantu da asibitoci. Firimiya Mike Harris ya hau mulki a 1995 da maganar cefanar da ita, ya sauka bai yi ba. A 2005 wani kwamiti da gwamnatin Dalton McGuinty ta kafa ya ba da shawarar a sayar, gwamnatin ta yi watsi da shawarar. Ba wanda ke son yanka saniyar da yake tatsa.

Amma lissafin bai cika ba idan aka tsaya a shigar kuɗi. Masu bincike a Kanada sun ƙididdige asarar da giya ta jawo wa ƙasar a 2020, wato kuɗin asibiti, da aikin da aka rasa saboda ciwo ko mutuwa, da 'yan sanda da kotuna da gidajen yari, da haɗurran mota, suka samu dala biliyan 19.7, da mutuwar mutum wajen 17,000 a shekarar. Abin da gwamnatocin ƙasar duka suka samu daga giya a wannan shekara kimanin dala biliyan 13.3 ne. Giɓin ya haura biliyan 6. Ribar tana shigowa a dunƙule, ana iya nuna ta a kasafin kuɗi da layi ɗaya. Asarar kuwa a warwatse take, wata a ɗakin gaggawa, wata a sashen masu ciwon hanta, wata a gidan da aka doki mace, wata a kan titi. Duk lokacin da na duba waɗannan alƙaluma sai ayar Baƙara ta faɗo mini, inda aka ce a cikin giya da caca akwai zunubi babba da wasu amfanoni ga mutane, amma zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Masana tattalin arzikin da suka yi lissafin ba tafsiri suka zauna yi ba, amma inda suka sauka ke nan.

To idan haka ne, me ya hana a ce gwamnati ta tsame hannunta ta bar 'yan kasuwa? A nan ne nake rabuwa da masu wannan ra'ayi. Abubuwa uku ne bincike ya daɗe yana nuna suna rage ɓarnar giya a cikin al'umma: tsadarta, ƙarancin wuraren sayarwa, da gajartar lokacin buɗewa. Wa'azin allon talla da "a sha a hankali" ba su kama ƙafarsu ba. Misalin da aka fi kawowa shi ne Finland. A 1969 ta bar shagunan abinci su sayar da giya mai matsakaicin ƙarfi, wadda a da sai a kantin gwamnati na Alko, kuma cikin shekara ɗaya shan giya a ƙasar ya tashi da fiye da kashi 40 cikin 100. Suwidin ta gwada irin haka a 1965, ta ga yadda matasa suka afka, ta janye a 1977. A Biritish Kolombiya, binciken da Tim Stockwell da abokan aikinsa suka yi ya nuna ƙarin kashi 10 cikin 100 a mafi ƙarancin farashi ya zo tare da raguwar kusan kashi ɗaya bisa uku na mace-macen da giya ce kaɗai sanadinsu. Dalilin a fili yake: wanda ya fi sha shi ne ya fi neman mai arha. Gwamnatin da ke riƙe da kantuna tana iya juya waɗannan abubuwa uku da sa hannu ɗaya. Ranar da ta raba lasisi ga mutum dubu biyar, ta haifi ƙungiyar mutum dubu biyar da za su yaƙi duk wani yunƙurin rage awa ko ƙara farashi.

Lardin Albarta ne ya gwada ɗaya hanyar. A 1993 gwamnatin Ralph Klein ta sayar da kantunanta wajen 200 cikin 'yan watanni. Yau masu zaman kansu sun haura 1,500. Nau'in kaya ya ninka sau da yawa, kantuna suna kaiwa tsakar dare da wucewa, albashin ma'aikatan kanti ya faɗi. Sai dai ka lura, ko Albarta ba ta saki sari ba: duk kwalbar da za ta shiga kanti sai ta bi ta hukumar lardi an ɗora mata kuɗin gwamnati. Saskatchewan ta rufe ragowar kantunanta a 2023. Wato har masu cewa a bar wa kasuwa ba sa sakin kuɗin, takurawar kawai suke saki.

Idan kana son ganin yadda kantin gwamnati yake idan ya riƙe amanarsa, dubi Systembolaget na Suwidin, wanda aka kafa a 1955. Kusan duk abin da ƙarfin barasarsa ya wuce kashi 3.5 cikin 100, sai a can ake saye a tafi da shi gida. Shekarun saye 20. Ranar Asabar ƙarfe 3 na rana ake rufewa, Lahadi ba a buɗewa. Babu "sayi biyu a ba ka ɗaya", babu giya mai sanyi a firji da za ta ja mutum ya buɗe a bakin ƙofa, kuma an rubuta a manufarsa cewa ba neman riba mafi yawa aka kafa shi yi ba. Shi da LCBO sunan tsarinsu ɗaya, amma halinsu ya bambanta. Mallakar gwamnati ita kaɗai ba ta kare kowa. Abin da gwamnatin ta yi da ikon ne ke karewa.

Abin da Ontariyo ta yi da nata ikon tun 2015 shi ke damuna. A ƙarshen 2015 gwamnatin Kathleen Wynne ta fara barin wasu manyan kantunan abinci su sayar da giyar sha'ir, a 2016 aka ƙara ta inabi, kuma binciken da likitocin Ottawa suka yi bayan haka ya nuna zuwa ɗakin gaggawa saboda giya ya ƙaru fiye da sauran dalilai. Doug Ford ya yi yaƙin zaɓen 2018 da alkawarin giyar dala ɗaya, ya zama Firimiya, ya sauko da mafi ƙarancin farashin kwalba daga dala 1.25 zuwa dala 1. Sannan ranar 5 ga Satumba 2024 ƙananan shagunan unguwa da na gidajen mai sama da 4,000 suka fara sayar da giyar sha'ir da ta inabi da haɗaɗɗun barasa na gwangwani masu zaƙi, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 11 na dare. Ƙarshen Oktoba aka buɗe wa sauran manyan kantuna. Don a yi hakan kafin wa'adin yarjejeniyar da ke tsakanin lardi da The Beer Store ya cika, gwamnati ta amince ta biya kamfanin har dala miliyan 225, kuma ofishin da ke bin diddigin kuɗin lardi ya ƙiyasta cewa sauyin zai ci wa baitulmali wajen dala biliyan 1.4 zuwa 2030. Ka ga a nan ko hujjar kuɗin ma ta faɗi. An ƙara wuraren sha, an rage kuɗin shiga, asibiti kuma shi zai karɓi abin da ya biyo baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shirin wannan sauyi ne, tun kafin a fara aiwatar da shi, ya jawo yajin aikin farko a tarihin hukumar. Ranar 5 ga Yuli 2024 ma'aikata sama da 9,000 na ƙungiyar ƙwadago ta OPSEU suka ajiye aiki, kantuna suka zauna a rufe sai 23 ga watan. Babban abin da suka tsaya a kai shi ne kada a fitar da haɗaɗɗun barasan gwangwani zuwa shagunan unguwa, don su ne kasuwar da ta fi bunƙasa. Sun samu ƙarin albashi da alkawarin ba za a rufe kantuna ba muddin yarjejeniyar na aiki, amma a kan gwangwanin Ford bai ja da baya ba. Ni kuwa gwangwanin nan ne ya fi tsaya mini a rai, don zaƙinsa da launinsa kamar lemo suke. Duk wannan yana faruwa ne bayan cibiyar da ke ba ƙasar shawara kan shaye-shaye ta fito a 2023 ta ce haɗari yana fara hauhawa ne da zarar an wuce kofi 2 a mako, kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta sa giya cikin tabbatattun masu jawo kansa tun 1988. Da aka gwada manna gargaɗin kansa a jikin kwalabe a kantin gwamnati na Whitehorse da ke yankin Yukon na arewacin Kanada a 2017, kamfanonin giya suka taso, cikin wata guda aka dakatar da wannan gargaɗi.

Wani abin da ya nuna girman ikon da ke hannun mai kanti ɗaya ya faru ranar 4 ga Maris 2025. Da Donald Trump ya ɗora wa kayan Kanada harajin fito, Ford ya ba da umarni, cikin yini guda aka kwashe duk giyar Amurka daga kantunan LCBO da jerin kayan sarinta, kayan da cinikinsu ya kusa dala biliyan 1 a shekara. Gwamnatin da ta iya yin haka don rikicin ciniki, tana iya rage awa ko ta hana garaɓasa don lafiyar mutanenta idan ta ga dama.

Game da Kano da ka ambata, ka yi hattara da auna su a sikeli ɗaya. Hani a Kano yana tsaye ne kan imanin mafi yawan mutanen gari, waɗanda ko babu Hisba ba za su sha ba, don haka doka tana bin abin da zukata suka riga suka yarda da shi. Ontariyon shekarun 1920 kuwa kusan rabin jama'arta suna son sha, masana'antu suna aiki a cikin gari, ga iyaka a buɗe. Ba ina ba ka tsarinsu a matsayin abin kwaikwayo a gida ba ne. Inda muka yi kama da su shi ne wajen kuɗin: harajin VAT da ake karɓa a kan giya a Najeriya yana shiga tukunyar tarayya a raba wa jihohi duka, har da masu shari'a, kuma ka tuna yadda aka yi ta cacar baki a kan haka a 2021 lokacin da jihar Ribas ta nemi karɓar nata da kanta. Baitulmali idan ya saba da wani kuɗi, da wuya ya tambayi asalinsa.

Ra'ayina, a ƙasar da mutane ke sha kuma hani ya riga ya gagara, kantin gwamnati mai tsada, mai ƙarancin rassa, mai rufewa da wuri, wanda ba ya talla, ya fi sauƙin ɓarna nesa ba kusa ba a kan sakin abin ga kowane mai shago. Don haka ba na goyon bayan a rushe LCBO. Abin da nake so shi ne a raba ta da aikin tallan, a ɗaure mafi ƙarancin farashi da yawan barasar da ke cikin kwalba, a riƙa ɗaga shi da tashin farashin kaya, a sa gargaɗin kansa a jikin kwalba, kuma Ma'aikatar Lafiya ta samu kujera a inda ake yanke shawara.

Akwai abu ɗaya da ya shafe ka kai tsaye. Ɗalibai da yawa aikinsu na farko a nan shi ne tsaron shagon unguwa ko na gidan mai ko zama a kan na'urar kuɗi a babban kanti. Kafin Satumban 2024 wanda ya guje wa LCBO da The Beer Store da mashayu da wasu manyan kantuna ya guje wa sayar da giya. Yanzu ba haka ba ne. Idan ka je neman aiki, ka fara duba firjin shagon, ka tambayi mai shi ko yana da lasisin giya. Idan ya ce ka kawo takardar Smart Serve, wato shaidar horon da doka ta wajabta wa duk mai sayar da giya a lardin, to ka san da hannunka za ka riƙa miƙa ta. Ka san hadisin da ya lissafa mutum goma a kan giya, har da mai sayarwa da mai ɗauka, don haka ka yi tambayar tun kafin ka sa hannu a takardar aiki. Ba kowane shago ne ya karɓi lasisin ba, akwai masu shagunan da suka ƙi, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, kuma a wasu manyan kantunan ana ware layin da ake biyan kuɗin giya, kana iya roƙon manaja ya sa ka a wani layin ko a sashen jera kaya.